Maganin rage ƙiba: wa ya cancanci likita ya rubuta masa shi?

A ƙasarmu mutane da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Amma ƙiba idan ta wuce kima cuta ce. Tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwoyi. Akwai magungunan rage ta, sai dai ba kowa ake ba su ba. Likita ne yake rubuta su, bayan awo da bincike.

Yaya ake awon?

Ba da ido ake yanke hukunci ba, da lissafi ne. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita. Sai a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da aka samu. Ma'aikatan lafiya suna kiran wannan awo IMC.

Ga misali. Mace ce mai tsawon mita 1,60. Idan aka ninka 1,60 sau 1,60 za a sami 2,56. In nauyinta kilo 80 ne, awonta 31 ke nan. In kilo 70 ne, awonta 27. In kilo 60 ne, awonta 23.

Su wa ake ba?

Ƙa'idar da hukumomin magani na Amurka da Turai suka kafa ta ware mutum biyu. Na farko, wanda awonsa ya kai 30 ko ya wuce. Na biyu, wanda awonsa ya kai 27, kuma yana fama da cutar da ƙiba take tsanantawa, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Ke nan mai kilo 80 ta shiga. Mai kilo 70 sai in tana da ɗaya daga cikin cututtukan. Mai kilo 60 ba ta da buƙatar magani ko kaɗan.

Ba a ba mace mai ciki, ko mai shayarwa. Allurar rage ƙiba kuwa, ba a yi wa wanda a danginsa aka taɓa samun wani irin ciwon daji na ƙululun wuya, wurin da maƙoƙo yake fitowa.

Yaya suke aiki?

Orlistat ƙwaya ce da take hana hanji tsotse wajen kashi ɗaya cikin uku na maiƙon abinci. Wegovy allura ce ta sau ɗaya a mako, wadda Amurka ta amince da ita a shekara ta 2021. Tana rage jin yunwa. A gwajin da aka yi, masu yin ta sun rage wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Tana iya sa tashin zuciya, da amai, da zawo. Idan aka daina, yawancin nauyin yakan dawo. Don haka dole a haɗa da rage mai da sukari, da yawan tafiya a ƙasa.

Hattara da maganin kasuwa

Ko maganin da hukuma ta yarda da shi yana iya cutarwa. A 2009 Faransa ta janye Mediator, wanda mutane suka sha don rage ƙiba, saboda yana lalata zuciya. A 2024 kuma OMS, ƙungiyar lafiya ta duniya, ta yi gargaɗi game da allurar jabu da aka kama a Barazil, da Ingila, da Amurka. To, ina ga ƙwayar da mai talla yake yawo da ita cikin rana, ba awo, ba takardar likita?

Wanda ƙiba ta dame shi ya tafi asibiti. A auna nauyinsa da tsawonsa, a duba jininsa da sukarinsa. In likita ya rubuta magani, a saye shi a farmasi. In bai rubuta ba, a gyara cimaka, a motsa jiki. Lafiya uwar jiki ce, kada a sayar da ita a bakin kasuwa.