Kafin Ka Hau Siririn Jirgin Ruwan Ingila

Da zarar bazara ta kama a Ingila, rana ta fara kaiwa ƙarfe tara ba ta faɗi ba, sai hotuna su cika Facebook: dogayen jirage sirara masu koren fenti da ja, tukwanen furanni a kan rufi, ga mutum tsaye a baya yana tuƙi da kofin shayi a hannu. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can sun fara kwaɗayin abin. Wani yana so ya yi haya ta mako guda ya huta da iyali, wani kuma kuɗin ɗaki a Landan ne ya ishe shi, aka ce masa zaman jirgi ya fi araha. Dukansu akwai abin da ya kamata su ji tun ƙafarsu tana kan tudu.

Waɗannan hanyoyin ruwa da ake kira kanal ba koguna ba ne, haƙa su aka yi da diga da shebur. Na Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, shi ya share fage. Dawaki ke jan jiragen a da, shi ya sa har yau akwai 'yar hanya a gefen ruwan. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe musu kasuwa, yanzu sun koma na shaƙatawa. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin a Ingila da Wales.

Jirgin kansa faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, in ka miƙa hannayenka saura kaɗan ka taɓa bango da bango, amma tsawonsa yakan kai ƙafa 70. Doka ta hana wuce gudun mil 4 a awa, wato mai tafiya a ƙasa in ya ɗaga ƙafa sai ya wuce ka. Ba a tambayar ɗan haya lasisin tuƙi. Kamfani zai nuna maka abubuwa na ɗan lokaci, ya miƙa maka makulli. To nan gizo ke saƙar, domin mutum ya ga abu na tafiyar hawainiya sai ya saki jiki. Alhali ƙarfe ne mai nauyin tan goma sha wani abu, kuma ba shi da birki. In kana son tsayawa sai ka sa giyar baya ka jira. Sandar tuƙin ma a juye take, ka tura ta dama jirgi ya yi hagu. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi, kowa damansa yake bi, saɓanin yadda ake tuƙin mota a ƙasar.

Babban hatsarin yana wurin matakalar ruwa. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka aka gina wasu ɗakuna masu ƙyaure gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ya ɗaga sama, ko a zubar da ruwan ya sauka ƙasa. Ku da kanku za ku yi wannan aiki da wani mabuɗin ƙarfe mai lanƙwasa, wanda ke ɗaga marufan da ruwa ke shiga ko fita ta cikinsu. A Tardebigge akwai irin waɗannan ɗakuna 30 a jere, a Caen Hill kusa da Devizes akwai 29. Wuni guda ne cur, kuma kafaɗa za ta gaya maka.

A ƙarƙashin ƙyauren sama akwai wani dakali da ruwa ya rufe, ba ka ganinsa sai ruwa ya fara janyewa. An shafa farin layi a bakin bango don nuna inda ya tsaya. Idan kana sauka ka bar bayan jirgi ya wuce layin nan, gindinsa zai zauna a kan dakalin, gaba kuma ya ci gaba da nutsewa, kafin ka ce kwabo ruwa ya shiga ta goshi. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan ɗaki ina kallon wani magidanci, ido a kan waya, hannu ɗaya a kan sanda, jirginsa yana ja da baya a hankali. Wata tsohuwa mai jan kare ce ta kwarma masa ihu, matarsa ta yi maza ta sauke marufin ruwan. Farantai ne kawai suka zube a kicin, Allah Ya kiyaye. Ba kullum ake dace haka ba. A 1998 mutum huɗu masu buƙata ta musamman sun rasu a Gargrave lokacin da jirginsu ya maƙale ya nutse a cikin ɗakin ruwa. Dokar ɗaya ce: da ka ga abin da ba ka gane ba, rufe duk marufan ruwa tukuna, sannan a yi shawara. Kada kuma ka bar mabuɗin ƙarfen a jikin injin ƙyaure, in ya kuɓuce yakan juyo da ƙarfi ya fasa haɓa.

Mu kuma muna da tamu matsalar, ta tufafi. Babbar riga da dogon hijabi da mayafi mai jan ƙasa ba na wannan aiki ba ne, haƙoran ƙarfe da igiya ba sa jin "yi haƙuri". A ɗaure su tamau, a sa takalmin da ba ya santsi, silifas ya zauna a ɗaki. Yara da duk wanda bai iya ninƙaya ba su sa rigar ruwa. Idan wani ya faɗa, abu na farko a cire giya don farfela ta tsaya. Yawancin kanal ba shi da zurfi, babba in ya natsu ya miƙe tsaye kansa zai fito, amma ɗakin matakala rami ne sosai, kuma sanyin ruwan ko a watan Yuli yakan ɗauke numfashi. Lambar gaggawa 999 ce.

Kada a yi alwala da ruwan kanal. Fitsarin ɓera yana sa wata cuta mai farawa kamar mura da zazzaɓi, takan kai ga taɓa hanta da ƙoda, kuma ta ƙurji ko ido ko baki take shiga. Ruwan tanki shi ne na sha da tsarki, sai dai yana da iyaka, a riƙa cikawa a famfunan bakin hanya. Alƙibla kuwa, a duba ta duk lokacin da aka ɗaure jirgi, don lanƙwasar hanya ɗaya ta isa ta mai da gabas bayanka.

Sai makashin da ba shi da wari. Mun san yadda hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki ke kwashe gida guda a dare ɗaya. Iskar nan ce dai, kabon monoksaid, kuma jirgi ɗan akwati ne. Tun 2019 aka wajabta ƙararrawar da ke gano ta. Kada a toshe ramukan iska don sanyi, kada a shigar da murhun gashi ciki ko da wutar ta mutu.

Mai niyyar tarewa gaba ɗaya, ya sani araha ba ta ado. Akwai lasisin jirgi, da inshora, da takardar lafiyar jirgi duk shekara 4, da fitar da shi tudu a sake shafe gindinsa duk shekara biyu ko uku. In ba ka da matsaya ta kuɗi, ba ka da ikon wuce kwana 14 a wuri ɗaya, dole ka ɗaga ka yi gaba, ko da makarantarka tana nan. Masai kai za ka ɗauka ka zubar. Ga hunturu, ga rashin adireshin da banki zai aiko wasiƙa.

Ban ce kada a je ba. Wanda ya ratsa gadar ruwa ta Pontcysyllte a Wales, wadda aka kammala a 1805, jirgi na tafiya a sama da kogi da kusan mita 38, ba zai manta ba har ya tsufa. Amma ɗan'uwa, ranar karɓar makulli kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce a raka ka matakalar farko, a nuna maka farin layin nan da idonka, sannan ka danna ƙararrawar kabon monoksaid ka ji kukanta kafin ka shigar da yaranka.