Littafi Ya Shiga Waya, An Bar Makaho A Waje

Ƙasar Hausa ba ta taɓa raba makaho da adabi ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma shi ya tsara Waƙar Imfiraji, kuma 'yan'uwansa makafi ne suka haddace ta, suka zaga da ita kasuwa-kasuwa, har ta shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Shi ya sa abin da ke faruwa yau yake ci mini rai.

Mai karatu a Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, ya daina jiran mai zuwa Kano ya sayo masa littafi a kasuwar Sabon Gari. Littattafan Hausa suna iske shi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks. Wayoyin Android suna da manhajar TalkBack mai karanta abin da ke kan allo a bayyane, iPhone na da VoiceOver, kwamfuta kuma akwai NVDA, kyauta ake saukar da ita. Ke nan ya kamata a ce makahon Basirka ya sami littafi a ranar da mai ido ya samu. Sai dai ba haka abin yake ba, kuma yawancin cikas ɗin daga hannun masu buga littafi da marubuta yake fitowa.

Marubuciya tana tsoron masu satar fasaha, sai ta mayar da shafukanta hotuna kafin ta tura. Tsofaffin littattafai irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce kuwa, sau da yawa hoton takarda aka ɗauka aka haɗa a fayil ɗin PDF. Mai ido yana ganin rubutu. Manhajar makaho kuwa hoto kawai ta tarar, sai ta yi shiru. Dattijon da yanar ido ta rage masa gani shi ma bai tsira ba, domin in ya ƙara girman shafin, layin yakan fita daga allo, sai ya yi ta jan sa dama da hagu har ya gaji ya ajiye.

Akwai wata matsalar da ta keɓanta da mu, wato haruffa masu ƙugiya. Kafin tsarin Unicode ya wadata, maɗaba'un Arewa sun dogara da salon haruffa irin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, kuma ya yi wa harshen babbar hidima a lokacinsa. Dabarar ita ce a ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu alamomin allon bugu. A takarda komai daidai yake fitowa, amma a cikin fayil, "ƙasa" tana nan a matsayin "}asa", "ɗaki" kuma "]aki". Manhaja alamar take karantawa, ba harafin ba. Ɗimbin littattafan makaranta da na hikaya suna kwance a kwamfutocin maɗaba'u a wannan hali, alhali gyaran bai wuce a umarci kwamfuta ta musanya 'yan alamomi ba. Muryar na'ura ta Hausa ita ma da sauran aiki, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma ko wace murya aka samar, sai ta tarar da rubutu mai tsafta kafin ta amfana.

Doka ba ta hana komai ba. An ƙulla Yarjejeniyar Marakesh a Maroko a 2013, Najeriya ta amince da ita a 2017, sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta halatta a mayar da littafi zuwa rubutun Braille ko sauti ko fayil domin makafi ba tare da neman izinin mai shi ba. A Tarayyar Turai an wuce nan: daga 28 ga Yuni 2025, tilas ne sababbin littattafan lantarki su fito yadda masu nakasa za su iya karanta su. Tsarin da ake bi shi ne EPUB, wanda ke ba da damar tsallakawa babi zuwa babi, ƙara girman harafi, da rubuta bayanin kowane hoto.

Ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Jigawa ta taɓa zama abin misali lokacin da Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina a Birnin Kudu, ya soma biyan masu nakasa alawus na Naira 7,000 duk wata a 2007. Wannan ya rage wa mutane da dama fita bara, kuma abin yabo ne. Amma yaron da ya taso daga Gwaram ya tafi makarantar makafi ta Limawa a Dutse littafi yake buƙata, wanda zai karanta da kansa ba sai ya roƙi wani ba.

A ganina gwamnatin jiha ce ke riƙe da mabuɗin, domin ita ce babbar mai sayen littattafan makaranta. Ta sa sharaɗi a kowace kwangila cewa maɗaba'a za ta miƙa fayil ɗin EPUB mai haruffan Unicode tare da kwafin takarda. Ƙungiyoyin marubuta na Jigawa da Kano kuma su koya wa mambobinsu yadda ake kare littafi daga sata ba tare da mayar da shi hoto ba, su kuma riƙa ba makafi masu karatu fayil ɗin su gwada kafin a sake shi kasuwa.