Idan aka kama uwa ko uba, wa zai riƙe yaran?



Maganar wannan karon ba mai daɗin ji ba ce, kuma wasu za su ce me ya kawo ta shafin lafiya. A kantin magani muke ganin ƙarshenta. Wata baba za ta zo karɓar maganin yaron da ba ita ta haifa ba, ba katin inshorarsa a hannunta, ba ta san sunan maganin ba, kuma kunya ta hana ta faɗin inda uwar take. Mu masu haɗa magani ne, ba lauyoyi ba. Abin da ke nan bai maye gurbin shawarar lauya ba, amma zai taimaka a kwanakin farko, kafin a samu lauyan.

A Nima ko Sabon Zongo, idan aka tafi da mutum ofishin 'yan sanda, kafin magariba yaransa sun ci tuwo a gidan maƙwabta. Ɗa na kowa ne, ba mai neman takarda. A nan Maryland riƙo yana nan, amma hukuma ba ta ganinsa sai an sa masa suna da adireshi da sa hannu.

Kama mahaifi shi kaɗai ba ya sa a ƙwace yara. Abin da hukuma ke tambaya shi ne, akwai babban da zai kula da su yau da dare? Galibi 'yan sanda kan tambayi wanda suka kama ko yana da wanda za a kira. Idan ya ba da suna, mutumin ya zo, sau da yawa maganar ta tsaya nan. Idan ya yi shiru don rufin asiri, ko wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai a kira hukumar kare yara, wadda ake ce wa CPS. A wajenmu na College Park tana ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a ta gundumar Prince George's. Lamarin ya fi nauyi idan kamun ya shafi yaron kansa, kamar duka ko rikicin miji da mata a gabansa. A dokar Maryland, idan rahoton cin zarafi ne, ma'aikatan za su nemi ganin yaron cikin awa 24, idan na sakaci ne cikin kwana 5.

Idan suka ɗauke yaro, dole su kai maganar gaban kotu a ranar zamanta ta gaba. Yaron da aka ɗauka daren Juma'a, ranar Litinin za a zauna a Upper Marlboro, in ba hutu ya faɗo ba. Za ku ga an rubuta CINA a takardun, ma'ana yaron da ke bukatar taimakon kotu. A wannan zama na farko ana iya ba da umarnin ajiye shi har kwana 30. Saboda haka Asabar da Lahadin nan ba na jaje ba ne kawai. A cikinsu ya kamata dangi su tsayar da mutum ɗaya, ba biyar masu ja-in-ja ba, ya kira ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗin, ya ce ga ni, ga gidana, sannan ya je kotun da katin shaidarsa. Ya sa rai za a duba gidan, a kuma binciki tarihin duk babban da ke kwana a ciki.

Doka tana gefen dangi fiye da yadda muke zato. Tun 2008 dokar tarayya ta wajabta wa hukumar ta nemo manyan dangin yaro ta sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke shi. A 2024 kuma Maryland ta faɗaɗa ma'anar dangi, ta shigar da wanda ba jini ya haɗa su ba amma yana da shaƙuwa mai ƙarfi da yaron ko gidansu. Wannan ya yi daidai da zamanmu na zongo, inda wadda yaro ke kira inna wataƙila garinsu ɗaya kawai da uwarsa. Sai dai a lura da iyakar jiha. Gwaggon da ke Bronx ko Virginia, ko da ita ce ta fi kowa cancanta, sai jihohin biyu sun amince kafin kotu ta tura mata yaron da ke hannun hukuma, kuma hakan kan ɗauki makonni ko watanni. Na kusa, a Hyattsville ko Greenbelt, shi ne na ranar farko.

Mahaifin da aka tsare bai rasa haƙƙinsa ba. Idan ba shi da hali, ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talakawa zai ba shi lauya a shari'ar yaran, daban da shari'ar laifin. Yaron ma yana da nasa lauyan. Kotu na ba da tafinta kyauta, a nemi na Hausa ko Twi tun da wuri, kada a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta, kada kuma a sa hannu a takardar da ba a gane ba. Abin da aka faɗa wa ma'aikaciya yana iya isa kunnen mai gabatar da ƙara, wayar gidan yari kuma ana naɗar ta. A yi maganar makaranta da abinci da lafiyar yara, a bar maganar laifin sai gaban lauya.

Akwai agogon da iyaye da yawa ba su san yana tafiya ba. Dokar tarayya ta 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan a riƙon gwamnati, hukuma za ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyayen, a iya ba da shi ga wasu har abada. Ɗaya daga cikin dalilan da ke dakatar da wannan shi ne yaron yana hannun dangi. Shi ya sa muke nanata maganar. Wanda ke tsare ya riƙa rubuta wa yaransa wasiƙa, ya nemi ziyara, dangi kuma su ajiye shaidar kowane ɗaya.

Yanzu ga ɓangarenmu. Yaro mai sikila ɗan ƙasa da shekara 5 yana shan fenisilin sau biyu kullum don kare shi daga ƙwayoyin cuta masu kisa, kuma zazzaɓin da ya kai 101 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan maganar asibiti ce nan take. Baƙon da aka miƙa wa yaron da tsakar dare bai san wannan ba. Haka mai asma da abin shaƙarsa, mai farfaɗiya, mai ciwon suga da allurarsa. Kowane gida ya samu takarda ɗaya ga kowane yaro: sunan magani da yadda ake sha, abin da jikinsa ba ya so, sunan likita da kantin magani, hoton katin inshora, da cewa Musulmi ne ba ya cin naman alade. Ku zo kanti mu buga muku jerin magungunan, minti biyu ne. Ɗaya a jikin firij, ɗaya wajen wanda kuka zaɓa.

Idan dangi suka karɓi yaro ba tare da kotu ta shiga ba, Maryland na da takardar rantsuwa da ke ba ɗan'uwa na jini ko na aure damar amincewa da magani a madadin iyaye, da wata ta sa yaro makaranta. Ɗaurin mahaifi na cikin dalilan da aka yarda da su. Ga masu fargabar hukumar shige da fice kuma, tun 2018 dokar jihar ta ba iyaye damar naɗa waliyyin jiran ko-ta-kwana, da sa hannun shaidu biyu. Ikonsa na kwana 180 ne, kafin su cika sai ya shigar da takarda kotu idan riƙon zai ci gaba. Fom ɗin yana shafin intanet na kotunan Maryland.

A tambayi mutum kafin a rubuta sunansa. A kuma sa shi a jerin masu izinin ɗaukar yaro a makaranta, domin idan kamun ya faru da rana, nan ne wurin farko da za a tsayar da shi a bakin ƙofa. Lambar wayarsa kuwa a haddace ta, yaran da suka yi wayo ma su haddace, don wayar hannu na cikin abubuwan farko da ake karɓewa.