Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Ake Haɗo Yaro Da Aikin Makaranta Zuwa Gida?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai awon hatsi a wani ƙauye da ke yankin Funtuwa, ya rubuto yana cewa ɗansa yana aji biyar na firamare, kuma kullum sai ya dawo da aiki a littafi wai malam ya ce a yi a gida. Yana tambaya, shin malaman ne suka kasa gama aikinsu suke turo wa iyaye ragowar? Kuma shi da bai yi boko ba, me zai iya tsinana wa yaron?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Wannan aiki shi ne malamai suke kira jinga, kuma kai manomi ka san jinga: a yanka maka kunya kaza a ce naka ne, ka gama da hannunka. Ba ragowar aikin malam ba ne. Darasin da aka riga aka koyar da safe ne ake so yaro ya sake bi ta kansa shi kaɗai, ba malam, ba abokin da zai leƙa littafinsa.

Dalilin kuwa mantuwa ce. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage a kansa bayan awa guda, bayan kwana, bayan wata. Sai ya tarar zubewar ta fi yawa a sa'o'in farko da ranar farko. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama a kai bisa wadda aka tara aka yi a zama ɗaya. Kai, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan ba sai Bature ya faɗa masa ba, don abin da ba a yi wa tilawa, gudu yake yi. Ruwan da ya zubo kamar da bakin ƙwarya kwarara yake ya bar gona, mamako shi ke jiƙa ƙasa.

Za ka lura jingar ta ƙaru ne tun daga aji huɗu. Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ce yaro ya fara karatu da harshen garinsu, daga baya a juya zuwa Turanci, kuma shekara da shekaru a wajen aji huɗu aka riƙa yin wannan juyi. Gwamnatoci sun sha taɓa tsarin, amma dai littattafan lissafi da na kimiyya na manyan azuzuwa da Turanci suke. Watau yaron naka kaya biyu ya ɗauka, ga darasi ga baƙon harshe. Sannan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yaron da ya bar aji shida bai iya karanta shafi guda ya fahimta ba, can gaba babu mai tsayawa ya koma da shi baya.

Amma fa yawan jinga ba shi ne alheri ba. Wani malamin Jami'ar Duke a Amurka, Harris Cooper, ya tattara bincike masu yawa a 2006, ya ga amfanin jinga ga makin jarrabawa ya fi fitowa a sakandare, a firamare kuwa ɗan kaɗan ne. A can ƙasar ma'aunin da aka fi bi shi ne minti 10 ga kowane aji: ɗan aji huɗu minti 40, ɗan aji biyar minti 50, ɗan aji shida awa guda. A ganinmu, a ƙauye ko rabin awa aka samu kullum babu fashi, an yi abin kai. In ka ga yaro ya kwashe awa biyu yana fama yana hawaye, to ko aikin ya yi yawa, ko bai gane darasin ba tun a aji. Duka ba ya gyara ko ɗaya daga ciki.

Yanzu ga batun naka na rashin boko. Malam, abin da yaron ya fi bukata a wurinka lokaci ne, kuma lokacin gidanka a hannunka yake. Ka tsayar masa da sa'a guda sananniya, mafi kyau bayan la'asar kafin magariba, tun da sauran haske. In sai dare, a tanadi fitilar sola ko tocila, don aci-balbal tana wahalar da ido. A wannan ɗan lokaci kada a aike shi, kada a ce tashi ka ba awaki dusa. Mun san da damina hannu ɗaya ma tsada yake a gona, to a rage lokacin, amma kada a soke shi. Haka kuma 'ya'ya mata: sau da yawa namiji yana zaune da littafi, ita tana wanke-wanke ko tana kan hanyar talla, alhali kuwa jinga ɗaya malam ya ba su.

In ya gama, ka ce ya buɗe littafin a gabanka. Lambobi dai ka san su, tunda kana ƙirga kuɗi, saboda haka duba kwanan watan da ke saman shafi, na yau ne ko na makon jiya? Duba aikin jiya, akwai jan biron malam a kai? Daga nan ka ce ya karanta maka da ƙarfi, sannan ya faɗa maka da Hausa abin da ya karanta. Nan asiri yake tonuwa. Yaro yana iya rera Turanci tiryan-tiryan kamar aku, amma in bai iya mayar maka da shi cikin Hausa ba, bai gane ba.

A lissafi kuwa kai ne malami, ko ba ka sani ba. Ce masa, a ce buhu yana cin tiya 40, ana sayar da tiya naira 1,500, nawa ne kuɗin buhu? Kai ka riga ka san 60,000 ne tun kafin ya ɗauki fensir, shi kuma ya fitar maka a rubuce. In an ba dillali naira 1,000, an biya mota 2,000, me ya rage? In aka fitar da dami ɗaya cikin kowane goma daga dami 70, nawa aka fitar? Wannan na ƙarshe shi ne kashi 10 cikin 100 da ke ba su wuya a aji biyar da shida. Ranar kasuwa ka ba shi littafin bashi ya riƙa rubuta maka.

Abu guda da za ka hana shi ne yayansa ko wani ɗan sakandare ya karɓi littafin ya yi masa. Ya nuna masa hanya da wani misali dabam, wannan daidai ne. Amma in ya rubuta masa amsa, malam zai ga komai daidai ya wuce gaba, yaro kuwa an bar shi a baya ba wanda ya sani. Gara ya kai aiki da kuskure a gyara masa.

Idan kuwa ka duba ka ga mako biyu ko uku babu jan biro ko ɗaya, to ka je makarantar da kanka da littafin a hannu. Ka fara ganin malamin ajin cikin girmamawa, don wani malamin yara sun yi masa yawa ainun. In ba a ga canji ba, sai ka ga hedimasta, ko ka tayar da maganar a taron iyaye da malamai.