Randy Weston: Makaɗin fiyanon da ya bi asalin jazz daga Brooklyn har Maroko

A shekarar 1960 ƙasashen Afirka 17 suka samu ƴancin kai, ciki har da Nijar a ranar 3 ga Agusta. A ƙarshen wannan shekara, wani makaɗin fiyano a birnin New York ya tara mawaƙa da makaɗa ya naɗi faifai don taya nahiyar murna. Ya raɗa masa suna Uhuru Afrika, wato ƴancin Afirka da harshen Suwahili. Sunan makaɗin Randy Weston, kuma a lokacin bai taɓa taka ƙasar Afirka ba.

An haifi Weston ranar 6 ga Afrilun 1926 a Brooklyn. Mahaifinsa, wanda ya fito daga Panama amma asalinsa ɗan Jamaika ne, mai gidan abinci ne kuma mai bin ra'ayin Marcus Garvey. Shi ne ya riƙa nuna wa ɗansa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka, ya kuma tilasta masa koyon fiyano. Bayan ya yi aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saurayin ya shaƙu da Thelonious Monk, wanda salonsa na bugun fiyano ya yi masa tasiri sosai.

Weston dogo ne ƙwarai, ya kai kusan mita biyu, kuma yana da manyan hannuwa. Yana buga fiyano kamar mai kaɗa ganga, yana dogaro da sautin ƙasa mai kauri na hannun hagu. Ya fitar da faifansa na farko a 1954, kuma a 1955 mujallar DownBeat ta zaɓe shi a matsayin sabon tauraron fiyano. Kaɗe-kaɗensa biyu, Hi-Fly da Little Niles da ya tsara domin ɗansa, har yau makaɗan jazz na buga su a ko'ina.

A aikin Uhuru Afrika, marubuci Langston Hughes ne ya rubuta baitocin, makaɗin ganga ɗan Najeriya Babatunde Olatunji yana cikin ayarin, sannan Melba Liston ta tsara yadda kayan kiɗan za su haɗu. Liston ta ci gaba da aiki da Weston shekaru da dama, har bayan da cutar shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuwa haramta faifan ta yi.

A 1961 ya sauka Legas cikin tawagar masu fasaha baƙar fata daga Amurka, tare da Hughes da Nina Simone da Lionel Hampton. Ya koma a 1963, kuma a shekarar ya fitar da faifan Highlife, wanda ya ƙunshi Niger Mambo na makaɗin Legas Bobby Benson. A 1967 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyin rangadinsa a ƙasashe da dama, zangon ƙarshe kuma shi ne Maroko. Can ya yanke shawarar zama.

A birnin Tanja ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms, kuma a nan ya haɗu da mutanen Gnawa. Waɗannan jikokin baƙaƙen fata ne da aka tsallaka da su Sahara, akasarinsu a matsayin bayi, daga ƙasashen da ke kudu da hamada. Har yanzu ana jin ambaton Bambara da Fulani da Hausawa a waƙoƙinsu. Suna kiɗa da gimbri mai tsirkiya uku, wanda duk wanda ya san molo ko gurmi zai gane danginsa ne, tare da ƙarafa da ake tafawa da hannu. Weston ya ga kamanceceniya tsakanin tarihinsu da na kakanninsa: an kwashi wasu ta teku, wasu ta hamada, kowanne kuma ya riƙe abin da ya iya riƙewa a cikin kiɗa. Abokantakarsa da Abdellah El Gourd, ɗaya daga cikin malaman Gnawa na Tanja, ta ɗore shekaru masu yawa, kuma ya kai makaɗan Gnawa manyan dandamali a Turai da Amurka a lokacin da ake yi musu kallon raini a gida.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Bikin kiɗan da ya shirya a Tanja a 1972 ya bar shi cikin bashi, gidan kiɗan ma ya rufe. Abin da ya taimake shi shi ne faifan Blue Moses da ya fito a wannan shekara ya kuma samu kasuwa. A 1977 ya halarci bikin FESTAC a Legas. Faifansa The Spirits of Our Ancestors, wanda Dizzy Gillespie da Pharoah Sanders suka yi kiɗa a ciki, ya sake ɗaga sunansa a farkon shekarun 1990.

A 2001 Amurka ta ba shi lambar NEA Jazz Master, babbar karramawar da take yi wa makaɗan jazz. A 2010 ya wallafa tarihin rayuwarsa, shi ma mai suna African Rhythms. Ya rasu a gidansa da ke Brooklyn ranar 1 ga Satumban 2018 yana da shekaru 92. Shekara guda bayan rasuwarsa, hukumar UNESCO ta sanya kiɗan Gnawa cikin jerin al'adun gado na duniya.