Kwalbatin Ƙofar Makarantarmu: Aikin Wa Ne?



Duk wanda ya zo makaranta ranar da aka kwana ana ruwa ya san abin da muke gani a bakin ƙofa. Lambatu ya cika da yashi da ledar fiya wata, kwalbati ya tsage, ruwa ya hau hanya ya kwanta. Sai mu cire takalmi, mu naɗe wando, mu ɗora jaka a ka, sannan mu tsallaka. A damunar da ta wuce wata 'yar aji ɗaya ta zame ta faɗa ciki, littattafanta duk suka jiƙe, gwiwarta ta fashe. Bayan kwanaki ruwan ya koma kore, sauro ya samu gida, mutum huɗu a ajinmu suka kwanta zazzaɓi ana saura mako ɗaya jarrabawa.

Da muka tambayi manya wa zai gyara, amsa ɗaya muka samu: gwamnati. To amma wace gwamnatin? Wannan tambaya muka kai wa malaminmu na darasin zaman ƙasa. Ya ɗauko mana kundin tsarin mulki daga ɗakin karatu, muka zauna da shi har sau uku bayan an tashi. Ga abin da muka fahimta.

Gwamnati hawa uku ce

A Najeriya akwai gwamnatin tarayya a Abuja, akwai gwamnatocin jihohi 36, akwai kuma ƙananan hukumomi 774. Jiharmu ta Zamfara an cire ta daga jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka sa hedikwatarta a Gusau. Tana da ƙananan hukumomi 14: Anka, Bakura, Birnin Magaji, Bukkuyum, Bunguɗu, Gummi, Gusau, Ƙauran Namoda, Maradun, Maru, Shinkafi, Talata Mafara, Tsafe da Zurmi. 'Yan aji ɗaya ku riƙe su, suna fitowa a jarrabawa.

Kowane hawa da nasa aiki. Mu ɗauki hanya misali. Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ta shigo Gusau, ta wuce Bunguɗu da Talata Mafara har Sakkwato, ta gwamnatin tarayya ce. Ko da rami ya fito a kanta a tsakiyar garin Tsafe, ba ciyaman ke da alhakin gyara shi ba. Manyan titunan cikin birnin Gusau kuwa yawancinsu gwamnatin jiha ke yi. Amma ƙaramar hanyar da ta shiga unguwa, da wadda ta haɗa ƙauye da kasuwa, da lambatun gefenta, da ƙaramin kwalbati irin namu, waɗannan suna cikin aikin ƙaramar hukuma.

Haka ma wajen lafiya. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wadda ake ce wa FMC, ta tarayya ce. Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura na jiha ne. Asibitin sha-ka-tafi da iyayenmu mata ke zuwa awo da riga-kafi, shi ne wanda ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, tare da hukumar jiha mai kula da lafiya matakin farko. Ruwan famfo na cikin Gusau hukumar ruwa ta jiha ke tacewa ta turo. Wutar lantarki kuwa kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kawo ta, shi ne ke kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Saboda haka wanda aka ɗauke wa wuta ya tafi sakatariya yana faɗa, ya ɓata hanya.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Kakanninmu sun san En'e, lokacin da sarki da alƙali da 'yan doka da baitulmali ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. A shekarar 1976 aka yi babban gyara, aka mai da ƙananan hukumomi tsari iri ɗaya a duk ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da su. A Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu. Ga waɗanda suka fi shafarmu:

1. Yin ƙananan hanyoyi da gyara su, da magudanun ruwa, da fitilun kan titi.
2. Kwashe shara da kula da tsaftar gari.
3. Ginawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da bayan gida na jama'a.
4. Kula da maƙabartu.
5. Sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba.
6. Ba da lasisin keke, baro, amalanke da kwalekwale.
7. Sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren wanki da guga.
8. Rajistar haihuwa, mutuwa da aure.
9. Haɗa hannu da gwamnatin jiha wajen ilimin firamare, yaƙi da jahilci, noma da kiwon lafiya.

Game da na takwas, mu lura cewa takardar haihuwa da ake nema wajen shiga makaranta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da ita, sai dai ma'aikatanta sukan zauna a sakatariya ko a asibiti. Game da na tara kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, wato firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne. Mu da ke karanta wannan bango muna cikin wannan shekara taran.

Idan muka duba jerin nan da kyau, za mu ga abubuwan da muke taɓawa kullum ne. Naman da aka saya yau daga mahauta ya fito. Motar da ɗan ajinmu ya hau zuwa Bunguɗu hutu, a tasha ya hau ta. Mai garuwar da ya kawo mana ruwa a baro ya turo shi. Wanda ya rasu a unguwa, maƙabarta aka kai shi. Shi ya sa ake cewa ƙaramar hukuma ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka.

Su wane ne a ciki?

A sama akwai shugaba, wanda muke ce wa ciyaman, da mataimakinsa. An raba kowace ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa tana da kansila ɗaya. A Gusau akwai mazaɓu irin su Galadima, Madawaki, Mayana, Sabon Gari, Tudun Wada, Mada, Magami, Wanke da Wonaka. A Tsafe akwai irin su Bilbis, 'Yandoton Daji da 'Yankuzo. A Bunguɗu akwai irin su Kwatarkwashi, Nahuce da Furfuri. Kansiloli su ne majalisa: su ke duba kasafin kuɗi, su kafa ƙananan dokoki, su kai kukan mutanensu. Zaɓen waɗannan shugabanni hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba ta ƙasa ba.

Bayan 'yan siyasa akwai ma'aikata da ba su tafiya idan an sake zaɓe. Akwai sashen ayyuka mai kula da hanya da kwalbati, sashen lafiya inda duba-gari suke, sashen noma, sashen kuɗi, da sauransu. Kwalbatinmu a teburin sashen ayyuka ya kamata ya sauka.

Kada mu haɗa su da masu sarauta. Mai unguwa, dagaci, hakimi da sarki, kamar Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu, ba su ke riƙe da kuɗin aiki ba. Amma su ne iyayen ƙasa, sun san kowa, kuma idan magana ta bi ta hannunsu takan yi nauyi.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanya ta farko ita ce asusun tarayya, inda kuɗin mai da wasu haraji ke taruwa, a raba kowane wata. A cikin kowace naira 100, tarayya na ɗaukar naira 52.68, jihohi naira 26.72, ƙananan hukumomi naira 20.60. Wannan naira ashirin da 'yan kai ita ake raba wa duka 774 ɗin. Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida: kuɗin rumfa a kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin lasisi. Takardar da mai karɓar haraji ke yaga wa mai tumatir ranar kasuwa, kuɗin jama'a ne ya karɓa. Shi ya sa in aka biya, a karɓi rasit.

An daɗe ana gardama a kan kason tarayya, don a da yakan bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatocin jihohi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Malaminmu ya ce mu riƙe wannan rana, kuma mu riƙa sauraren labarai don mu ji yadda ake aiki da hukuncin.

Ya kuma tuna mana cewa kuɗin ba don kwalbati kaɗai ba ne. Akwai albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukanmu, wadda ta kori iyalai da yawa zuwa cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. A ajinmu ma akwai waɗanda haka ta kawo su. Idan mutane suka ƙaru a gari, layin ruwa ya ƙaru, shara ta ƙaru, aji ya cika, asibiti ya cika.

Me ya sa lambatu ba abin wasa ba ne?

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a ruwan da ya kwanta yake yin ƙwai, kuma cikin kamar mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro mai tashi. Cutar amai da gudawa, wato kwalara, tana kama mutum ne idan ƙazanta ta shiga ruwan sha ko abinci. Idan lambatu ya toshe, ruwan sama sai ya ɗebi ƙazanta ya shiga rijiyar da ba ta da murfi. A 2021 kwalara ta ɓarke a jihohi da yawa, Zamfara na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Agusta na 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Ba kowace ambaliya ce shara ke kawowa ba, wata gulbi ne ke cika. Amma ruwan da bai samu hanya ba, gidan mutane yake shiga, kuma ginin ƙasa ba ya jure kwanan ruwa.

Namu laifin

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Ranar Asabar ɗin da matasan unguwa suka yi aikin gayya, mu ma mun je da shebur da manjagara. Abin da muka fi tonowa ledar fiya wata ce, da ledar biskit, da robar lemo, da takardun da aka yage daga littafi. Har takardar gwajin lissafi muka gani da jan biro a kanta. Ba ciyaman ya zuba su ba, ba kansila ba. Mu ne, lokacin tara da lokacin tashi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Mun kwashe baro goma sha ɗaya, ruwa ya fara wucewa. Amma tsagewar kwalbati ta fi ƙarfinmu, don tana son siminti da rodi da magini.

Yadda ake kai kuka

Ga matakan da muka bi, wataƙila su yi wa wani amfani a unguwarsu:

Na ɗaya, a gano aikin wa ne, kada a kai kukan tarayya ga kansila.

Na biyu, a rubuta takarda gajera. A faɗi wurin, da abin da ya lalace, da tun yaushe, da cutar da yake yi. Ban da zagi, ban da ƙari.

Na uku, a samu manya su sa hannu. Mu shugaban makaranta ya sa, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da mai unguwa.

Na huɗu, a kai wa kansilan mazaɓa kwafi ɗaya, a kai ɗaya sakatariya, a roƙi a buga hatimi a kan wanda za a ajiye.

Na biyar, a koma a tuna. Mai nema yana tare da samu. Idan an daɗe shiru, manya suna iya kai maganar gidan rediyo, kamar Rediyon Zamfara ko Pride FM, a shirye-shiryen da ake buga waya.

Takardarmu ta tafi makon jiya, an karɓa, an buga hatimi. Kwafinta na nan manne a ƙasan wannan rubutu, kowa ya karanta. Duk amsar da aka ba mu za mu kawo muku a fitowa ta gaba.

Kafin nan muna roƙon abu uku. Kowane aji ya samu kwandon shara, ko da tsohon kwali ne. Wanda ya sha fiya wata ya riƙe ledar har ya kai kwando. Kuma kowa ya tambayi iyayensa yau sunan mazaɓarsu da sunan kansilansu. Mun gwada a ajinmu, mutum bakwai ne kawai suka sani. Nan da shekara biyar mu 'yan sha uku za mu kai shekara 18, mu yi katin zaɓe, kuma bai kamata mu jefa ƙuri'a ga wanda ba mu san aikinsa ba.

Wanda ke da labarin rijiyar burtsatse da ta lalace, ko bola da ta tare hanya, ko wani aikin kirki da aka yi a unguwarsu, ya rubuto ya jefa a akwatin kulob da ke gaban ofishin malamai. Allah Ya ba mu damuna mai albarka, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Daga aji biyu, ƙaramar sakandare, a madadin Kulob ɗin 'Yan Jarida.