ANDERSON SILVA: Gizo-gizon da ya ɗauko faɗan fim ya kai shi cikin keji

Duk mai kallon finafinan Chanis ya san irin musun da ake tafkawa a majalisa bayan an gama fim. Wani ya ce wallahi Bruce Lee zai iya yi wa ƙarti goma dukan kawo wuƙa, wani ya ce kai rabu da shi, duk aikin kyamara ne. To, akwai wani mutum ɗan ƙasar Birazil da ya kusa raba wannan gardama, domin abin da ake gani a kaset ya riƙa yi a gaban dubban jama'a, ba darakta, ba "a sake ɗauka". Sunan sa Anderson Silva, amma duniya ta fi sanin sa da The Spider, wato Gizo-gizo.

Sana'ar sa ita ce MMA, wani irin faɗa da aka haɗa dambe da kokawa da shuri da shaƙa a wuri ɗaya. A cikin keji ake yin sa, kowane turmi minti 5. Ko dai ka sumar da abokin karawar ka, ko ka murɗe shi har ya miƙa wuya, ko alƙalai su raba ku da maki. Babban kamfanin da ke shirya shi shi ne UFC na Amurka.

TASHIN TALAKA
An haifi Silva ran 14 ga Afrilu, 1975 a birnin Sao Paulo. Saboda rashin hali, ba a gaban iyayen sa ya tashi ba. A garin Curitiba ya girma, a hannun 'yar'uwar iyayen sa da mijin ta, wanda ɗan sanda ne. Yaro ne mai son littattafan zane na Spider-Man, kuma Bruce Lee ne gwanin sa. Ya koyi tekwando, ya koyi kafuwera, wato wasan nan na Birazil mai kama da rawa, sannan ya kama damben Tailan da ake kira Muay Thai, inda ake duka da gwiwar ƙafa da ta hannu. Kafin faɗa ya fara ciyar da shi har aiki ya yi a gidan abincin McDonald's.

A 1997 ya fara faɗan kuɗi. A 2001 ya je Japan ya ƙwace kambun gasar Shooto daga hannun Hayato Sakurai, wanda kafin ranar ba a taɓa cin sa ba. Amma fa tafiyar ba ta miƙe ba. A gasar Pride ta Japan an shaƙe shi a 2003, har ya yi tunanin ya ajiye sana'ar gaba ɗaya. Wani babban ɗan wasa, ɗan ƙasar su Antonio Rodrigo Nogueira, shi ne ya rarrashe shi, ya jawo shi jikin sa. Ba don haka ba da tuni labarin ya ƙare tun ba a fara ba.

BUGUN DA YA KOYA A FIM
Wanda ya kalli 'Ong-Bak' na Tony Jaa, wanda ya fito a 2003, ba zai manta da yadda akton ke farfasa kawunan 'yan iska da gwiwar hannu ba. Silva ma ya kalla. Kamar yadda shi kan sa ya bayar da labari, a fim ɗin ya ga wani bugu na gwiwar hannu da ake ɗagowa daga ƙasa. Masu horar da shi su ka ce ya daina ɓata lokaci, wannan abin fim ne. Bai yi musu ba. Sai ya koma gida ya na sa matar sa ta riƙe masa matashin kai, ya na ta gwadawa a ɓoye.

A watan Afrilu 2006, a birnin Landan, aka haɗa shi da wani Ba'amurke mai suna Tony Fryklund. Tun a turmin farko Silva ya saki wannan bugun. Kafin ka ce kwabo Fryklund ya na ƙasa. Abin fim ya zama gaske!

SHEKARU BAKWAI A KAN KARAGA
A cikin watan Yuni na wannan shekarar ya shiga UFC. Wasan sa na farko da Chris Leben daƙiƙa 49 kacal ya ɗauka. Ran 14 ga Oktoba aka ba shi zakaran ajin masu nauyin kilo 84, Rich Franklin. Silva ya riƙe masa ƙeya da hannu biyu, ya dinga zuba masa gwiwa har ya karya masa hanci, ya karɓe kambun.

Daga nan sai da ya yi kwana 2,457 da kambun a hannun sa, wato kusan shekara bakwai. Ya ci wasa 16 a jere, ya kare kambun sau 10. Amma ba yawan nasarar ce ta sa ake rububin kallon sa ba, salon ne. A 2009, da ya kara da Forrest Griffin, wanda ya taɓa riƙe kambun ajin da ke sama da nasa, sauke hannuwan sa ya yi. Griffin na kai naushi, shi kuwa ya na ta gocewa kamar a fim ɗin 'Matrix', sannan ya sake masa wani ɗan gajeren naushi ya na ja da baya. Shikenan, aka tashi wasa.

Sai dai wargi ma wuri ya ke samu. A Abu Dabi a 2010, Silva ya ɓata turame ya na zolayar Demian Maia, ya na zagaye keji ya ƙi faɗa. 'Yan kallo su ka yi masa ihu, shugaban UFC Dana White ya fusata ya fito fili ya ce abin kunya ne.

RANAR DA BOS YA KUSA CIN AKTO
Wasan da ya wanke shi ya zo ran 7 ga Agusta, 2010 a birnin Oakland. Abokin karawar sa Chael Sonnen gwanin kokawa ne, ga shi da baki kamar reza. Ya yi watanni ya na zagin Silva a kafafen watsa labarai. Silva kuma ya shigo da ciwo a haƙarƙari. Turmi huɗu cur Sonnen na kayar da shi ya na haye ruwan cikin sa ya na kirɓa. Kowa ya gama yanke ƙauna. A turmi na biyar, saura ƙasa da minti biyu a tashi, Silva na kwance a ƙasa sai ya harɗe wuyan Sonnen da hannun sa ɗaya da ƙafafu, ya matse. Sonnen ya miƙa wuya. Ko marubucin fim ɗin Indiya iyakar abin da zai tsara kenan.

Abin daɗi shi ne akwai masu kyamara biye da shi a duk shirin wannan wasa. Daga nan aka haɗa fim ɗin tarihi mai suna 'Like Water', wanda darakta Pablo Croce ya samu kyauta da shi a bikin finafinai na Tribeca a 2011.

A watan Fabrairu 2011 kuma ya sumar da ɗan ƙasar su Vitor Belfort da shuri ɗaya tak a haɓa. Nan fa Steven Seagal, wanda ya je sansanin horon Silva, ya fito ya ce ai shi ya koya masa. Silva ya yaba masa a lokacin, amma masana wasan da dama dariya su ka yi, su ka ce wannan shuri ya girmi Seagal.

KOMAI NISAN JIFA...
A tatsuniya, wayon Gizo ne ke kai shi ya baro. Ran 6 ga Yuli, 2013 a Las Vegas, Silva ya sake sauke hannu a gaban wani matashi mai suna Chris Weidman, har ya na kwaikwayon wai an ji masa ciwo. Ai kuwa Weidman ya same shi da hagu a muƙamuƙi. Gizo-gizo ya zube, kambu ya tafi.

Aka sake haɗa su ran 28 ga Disamba. A turmi na biyu Silva ya kai shuri, Weidman ya tare da gwiwa. Ƙafar Silva ta hagu ta karye, ƙasusuwan ƙwauri biyu duka, ta lanƙwashe kamar roba. Da ihu aka fitar da shi, likitoci su ka sa masa ƙarfe.

Ya dawo a watan Janairu 2015 ya doke Nick Diaz da maki, amma gwaji ya nuna akwai haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari a jikin sa. Ya ce ba da sanin sa ba ne, wani magani ne ya sha da aka gurɓata. Hukumar wasanni ta jihar Nevada ba ta gamsu ba: ta soke nasarar, ta dakatar da shi shekara guda. Wannan tabo har yau masu sukar sa na nuna shi.

Bayan nan wasa ɗaya kawai ya ƙara ci a UFC, a 2017. A watan Fabrairu 2019, a Ostireliya, ya kara da Israel Adesanya, haifaffen Legas, wanda ya tashi ya na kallon Silva a matsayin gwanin sa. Adesanya ya ci da maki, amma da aka gama sai su biyun su ka durƙusa su ka gaida juna. Wasan sa na ƙarshe a kamfanin ya zo ran 31 ga Oktoba, 2020, ya na da shekara 45, inda Uriah Hall ya doke shi. Jimilla ya ci wasa 34, an ci shi 11, an soke ɗaya.

DAGA KEJI ZUWA GABAN KYAMARA
Silva ya taɓa harkar fim shi ma. Ya fito a 'Never Surrender' a 2009, sannan a 2019 ya fito a matsayin bos a wani fim ɗin Hong Kong mai suna 'The Invincible Dragon', inda ya gwabza da Max Zhang. Gaskiya finafinan ba su yi tashen da wasannin sa su ka yi ba. Ya kuma koma damben zamani, inda a 2021 ya ba mutane mamaki ya doke tsohon zakaran duniya Julio Cesar Chavez Jr. a ƙasar Meziko. A 2023 UFC ta saka sunan sa a jerin gwarazan ta na tarihi.

Har yanzu masoya wasan na musu a kan sa. Wasu na cewa da ya riƙe hannun sa a sama ranar Weidman, da bai rasa kambu ba. Wasu kuma na cewa da mai riƙe hannu a sama ne, da ba wanda zai biya kuɗi ya kalle shi. Ko ma dai wanne ne, duk tauraron da ke tashe a yau, na keji ne ko na kaset, ya dace ya nemi wasan nan na 6 ga Yuli, 2013 ya kalla da kyau.